Ƙarfe a Ƙafar Inna

Inna ta karye ne a hanyar kasuwar Bici. Tana ɗauke da man gyaɗa da ƙuli-ƙulin da ta yini tana soyawa, sai wani mai babur da ya labto buhunan taki ya shiga yashi, kan babur ɗin ya ƙwace masa, ya zo ya danne ta. Waɗanda suka ɗaga buhunan sun ce ƙashin ƙwaurinta na hagu ya huda fata ya leƙo waje, fari fat, kuma ita ce da kanta ta jawo gefen zaninta ta rufe shi don kada maza su gani.

Ni ce 'yarta ta fari. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi. Ana yaye ni aka kai ni wajen kakata, can na girma, daga can aka kai ni gidan miji a wani ƙauye da ke gaba da namu kaɗan, inda nake koyarwa a firamare. Tsakanina da Inna gaisuwa ce kawai. In tana son ta yi mini magana sai ta dubi bango ta ce "ke". Ban taɓa ganin ƙafarta sama da idon sawu ba sai da wannan abu ya faru.

Mai ɗori aka fara kira, kamar yadda kowa zai yi. Dattijo ne sananne, shi ya taɓa ɗora wa Baba hannu ya warke sarai. Ya wanke ciwon, ya ja ƙafar, ya jera kara ya ɗaure, ya yi addu'a ya tofa, ya ce kafin girbi za ta taka. Girbi ya zo ya wuce. Bakin ciwon bai rufe ba, kullum yana tsatsar ruwa mai wari, wani lokaci har da 'yan gutsattsarin ƙashi kamar ƙayar kifi. Ya kwance ya sake ɗaurewa, ya kuma sakewa, daga ƙarshe ya kira Baba zaure ya gaya masa gaskiya cewa ƙashin nan ya mutu daga ciki, ya fi ƙarfinsa.

Haka Inna ta yi damina biyu. In ta ɗaga ƙafar, tsakiyar ƙwaurin sai ya lanƙwashe kamar an yi mata gwiwa ta biyu. Ƙafar ta motse, ta gajarce. In ta miƙe su a tabarma, diddigen hagu wajen idon sawun dama yake tsayawa. Ba ta daina sana'a ba, a zaune take suya, tana jan jiki daga murhu zuwa turmi. Amma masu saye suka riƙa raguwa, har maƙwabtan da suka saba aiko yara suka koma aikawa wani gida. Ba wanda ya gaya mata dalili, amma ta sani, warin ciwon ne. Ranar da ta soya kwano guda ya kwana ba a taɓa ba, ranar ce ta ce a kai ta asibiti.

Baba tsoro yake ji, don abin da ake faɗa a ƙauye shi ne duk wanda ya kai irin wannan ƙafa asibitin ƙashi na birni, da dungulmi zai dawo. Kawu ya fi shi ƙi. Kawu yayan Inna ne, shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, shi ya aurar da ita, kuma maganarsa tana da nauyi a gidanmu ko a kan Baba. Ya ce shi bai yarda ba, amma tunda ita ta nema, ba zai tare hanya ba.

Likitan da ya duba ta siriri ne, mai furfura a gemu, ba ya gaggawar magana. Ya ɗaga hoton ƙafar wajen taga ya nuna mana inda ƙashin ya rabu, bakunansa biyu sun yi fari sun ƙafe. Ya ce hanya biyu ce. Ko a yanke daga ƙasan gwiwa, cikin 'yan makonni ta koma gida. Ko kuma a cire mataccen ƙashin gaba ɗaya, a yanka mai rai daga sama, a ɗaura wa ƙafar ƙarfe, a riƙa jawo wannan guntun mai rai ƙasa a hankali a hankali, sabon ƙashi yana tsirowa a bayansa har ya cike gurbin, har ƙafar ta ƙara tsawo. Ya ce wannan zai ci kusan shekara, akwai azaba, kuma ba zai yiwu ba sai akwai mai haƙuri a gida da zai riƙa juya ƙarfen kullum.

Inna ta tambaye shi, in an sha duk wannan wahala, zai iya yiwuwa a ƙarshe a yanke ɗin dai? Ya ce zai iya yiwuwa. Ta sake duban hoton.

"To a gwada," in ji ta.

Baba ya sayar da shanun huɗarsa, aka yi tiyata a ƙarshen sanyi.

Da aka fito da ita aka yaye mayafin, sai da na dafa ƙarfen gado. Zobba ne na ƙarfe, manya, sun zagaye ƙafar daga ƙasan gwiwa zuwa idon sawu, kamar an zura ta cikin ƙafafun keke. Daga kowane zobe wayoyi sirara sun shiga nama sun ratsa ƙashi sun fito ta ɗaya gefen. Dogayen sanduna masu noti sun haɗa zobban. Ƙanwata ta kalla sau ɗaya ta fita waje tana amai. Ƙannena maza duk suna kudu wajen ci-rani. Saboda haka da nas ta zo da 'yar ƙaramar sifana tana tambayar wa za a koya wa, kowa ni ya kalla.

An ɗiga wa kowane noti jan fenti a gefe ɗaya. Aikina shi ne in juya shi rubu'in zagaye, sau huɗu a rana. Likita ya ce tafiyar da ƙashin zai yi a yini ba ta kai ƙwayar gero ba. Ya yi mini kashedi biyu da suka zauna mini a ƙirji. Na farko, kada in daina juyawa, don sabon ƙashin kamar kunu yake, in aka bar shi ya huce zai daskare, sai an sake karya shi. Na biyu, in na ga zazzaɓi, ko yatsun ƙafar suka daina jin taɓi, in kawo ta kada in jira ranar da aka ba mu.

Na nemi izinin maigidana na koma gidanmu da zama. Na raba juyin a kan lokutan salla don kada in manta: asuba, azahar, magariba, isha. Da safe in dafa ruwan gishiri in bar shi ya huce, in bi bakin kowace waya da auduga ina gogewa. Kwanakin farko kunya ta fi komai wahalar da mu. Ni a durƙushe a gaban ƙafar uwata, zaninta a naɗe har cinya, ita kuwa ta juya fuska tana kallon bango kamar ƙafar wata ake wankewa. Ba ta taɓa yin nishi ba. Sai dai in na sa sifana, ina ganin yatsun hannunta suna damƙar gefen katifa. Matan gari suka yi ta zuwa dubiya, rabinsu don su ga ƙarfen ne, har ta sa aka ɗinka mata wani abu kamar buhu da tsohon zani tana zura ƙafar a ciki.

Mun koma birni sau biyu an ɗauki hoto. A na biyun likita ya nuna mini wani abu kamar hayaƙi a cikin gurbin da ke buɗewa a sama, ya ce shi ne sabon ƙashin. Ya ce in ci gaba yadda nake yi, mu dawo ya ga ko za a rage ko za a ƙara.

Ba mu koma ba. A tsakanin nan ne annoba ta shigo, aka rufe gari. A rediyo muka ji an hana shiga birni da fita, an rufe kasuwanni da makarantu, har masallatan Juma'a. Motocin da ke bi ta bakin titi suka ɗauke ƙafa. Azumi ya kama cikin tsananin zafin bazara. Kullum sai an kawo labarin wani dattijo da ya rasu a birni, wanda ake cewa jiya-jiya an gan shi lafiya. Abinci ya yi tsada, rumbunmu kuma ya yi ƙasa, don dama shekarun nan biyu ciwon Inna ya cinye abin da ake ajiyewa. Ranar da aka ba mu ta zo ta wuce. Na yi ta kiran lambar asibitin, tana ta ƙara ba mai ɗauka. Na ci gaba da juyi, tunda abin da aka ce in yi ke nan, amma yanzu ina ja ne ba tare da wani ya leƙa ya ga abin da nake ja ba.

Sai wata safiya na ga bakin wayar da ke kusa da gwiwa ya yi ja ya kumbura. Da na danna, mugunya ta fito. Zuwa hantsi jikin Inna ya ɗau zafi. Na kuma lura tafin ƙafar ya fara sunkuyawa ƙasa, yatsun suna kallon tabarma. Tana kallon bango kamar kullum, sai na sa farce na tsunkuli babban yatsan, ban gaya mata ba. Ba ta motsa ba. Na ƙara tsunkula har wurin ya yi shaida. Ba ta san ina yi ba.

Duk abubuwan da likita ya ce in na gani in kawo ta, ga su sun haɗu rana ɗaya, kuma babu hanya.

Labari ya kai wa Kawu. Washegari da hantsi sai ga shi a kan keke, bayansa wani makaniken da ke gyaran injin markaɗe, riƙe da jakar kayan aiki. Makaniken ya tsaya a zaure. Kawu ya shigo har ƙofar ɗakin Inna, ya leƙa ya ga yadda take rawar ɗari cikin wannan zafi, sannan ya dawo tsakar gida ya zauna kusa da Baba. Ya ce ƙarfen nan cin ta yake yi. Birni a rufe, ba wanda ya san ko likitan ma yana raye. A kwance notunan nan a zare wayoyin, a wanke ciwon, a kira mai ɗori ya yi abin da zai iya, in gajeriyar ƙafa ce Allah ya rubuta mata, ta fi kabari.

Baba ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Na san shi, in ya yi haka ya kusa yarda.

Ba a saba 'ya ta sa baki a maganar manya a gidanmu ba, balle a gaban Kawu. Na zo na durƙusa nesa da su. Na ce Kawu ya yi haƙuri, amma a ƙarƙashin ƙarfen nan akwai wurin da babu ƙashi ko kaɗan, an cire shi. Ƙarfen ne yake riƙe da ƙafar. In aka zare, nama ne kawai zai rage tana reto.

Ya dube ni ya ce, "Ke kin tabbata in an bar shi za ta tashi?"

Na ce ban tabbata ba.

"To ni na goya yarinyar nan a bayana ranar da aka binne ubanmu," in ji shi, yana nuna ɗakin Inna. "Ba zan zauna ina kallo ta tafi da ƙarfe a jiki ba."

Ina jin makaniken a zaure yana ajiye jakarsa, ƙarafa suna ƙara. Can sai muryar Inna ta fito daga ɗaki, a hankali, har sai da muka kasa kunne.

"Yaya, a bar mata aikinta. Ni na ce a sa, ban ce a cire ba."

Kawu ya dubi ƙofar ɗakin. Sannan ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya ce ya ji, amma in zazzaɓin nan bai sauka ba zuwa Juma'a zai dawo, kuma ranar ba zai nemi shawarar kowa ba.

Bayan tafiyarsu aka kira azahar. Na ɗauko sifana na durƙusa, na ɗora ta a kan noti, na kasa juyawa. In na juya, wataƙila jijiyar da ke mutuwa nake ƙara ja. In na bari, ƙashin zai daskare, duk azabar da ta sha ta tashi a banza. Na daɗe a haka har gumi yana ɗiga daga haɓata zuwa kan zoben. Ban juya ba. Da magariba tsoron ɗaya gefen ya kama ni, na juya. Haka na yi yini biyu, ina yi ina fasawa, ba na iya cin abin buɗa-baki.

Maigidana ne ya samo mafita. Yana da abokin da suka yi kwalejin Bici tare, wanda ƙanwar matarsa nas ce a asibitin. Daga wannan zuwa wancan, aka samo mana lambar likitan ta kansa. A cikin gidanmu waya ba ta kamawa sosai, sai na fita bayan gari na hau wani tudu kusa da gonar Baba. Kira na farko bai ɗauka ba. A na biyu na ji muryarsa a dishe. Ashe shi ma a killace yake a ɗaki, wani marar lafiya da ya duba ya kamu da cutar. Ya gane ni tun kafin in gama bayani. Ya yi ta jero tambayoyi: wace waya ce, jan ya kai ina, wane yatsa ne ba ya ji, tana iya ɗaga tafin ƙafar ko kaɗan? Sannan ya ce in rage juyin zuwa sau biyu, safe da yamma. In sami tsumma mai ƙarfi in zagayo ƙarƙashin tafin ƙafar in ɗaure a jikin zobe don ya ɗago yatsun sama. Ya faɗi sunan wani kafso ya sa na maimaita har ya tabbata na riƙe. Ya ce amma ba zai iya cewa komai a kan ƙashin ba sai ya gani. Mu nemi duk inda ake ɗaukar hoto kusa da mu, a ɗauka, in tura masa ta waya. In kuma jan ya haura gwiwa, mu kawo ta ƙofar gaggawa ko da a kan jaki ne.

Wurin ɗaukar hoto mafi kusa yana Bici. Wani maƙwabcinmu mai a-kori-kura da yake ɗaukar albasa ya ce yana da ɗan sauran mai a tanki, zai gwada. Muka shimfiɗa katifa a baya, muka ɗauko Inna mu huɗu, ni na rungume ƙafar da zobbanta a cinyata. Muka bi ta burtali tsakanin gonaki don kauce wa titi. An gama sharar gona, ko'ina tsibin taki ne a jere ana jiran ruwa. Duk ramin da motar ta faɗa sai in ji girgizar ta bi ƙarfen ta shiga ƙashin, in ga Inna ta runtse ido. Baba yana gefe yana riƙe da lema a kanta.

Dole daga ƙarshe muka hau kwalta, kuma ba mu yi nisa ba muka tarar da shinge. Jami'ai ne da takunkumi a fuska, sun gindaya katako mai ƙusoshi. Tun daga nesa ɗaya ya ɗaga hannu yana nuna mu juya. Direba ya yi magiya, Baba ya sauka ya yi bayani, suka ce kowa haka yake faɗa, doka ce, ba su suka kafa ta ba. Direba har ya sa giyar baya. Sai Inna ta ce mini, "Ke, buɗe."

Na zare buhun zanin. Jami'in da ya zagayo bayan motar saurayi ne, bai fi ƙanena ba. Ya ga zobban, ya ga wayoyin da suka shige nama, ya ga kumburin. Ya ja da baya, ya ce, "Sannu, Inna." Shi da kansa ya je ya janye katakon.

A Bici muka tarar da wurin a kulle. Sai da aka bi mai shi har gida aka taso shi. Ya buɗe, ya ce babu wuta, janareto kuma babu mai. Direbanmu ya tsaya yana kallon motarsa, sannan ya nemo tiyo da galan ya zuƙo daga tankinsa, yana tofar da yawu saboda azumi. Injin ya tashi. Aka ɗauki hoton, aka fito da shi da danshinsa. Na ɗaga shi saitin rana kamar yadda na ga likita yana yi, na ɗauka da waya, na tura. Alamar turawa ta yi ta juyawa ba ta tafiya. Na fita bakin titi, na koma bayan ginin, na ɗaga wayar sama. Da ƙyar ya tafi.

Muka zauna a inuwar baranda muna jira. Garin shiru kamar an yi ƙaura, shaguna a rufe, sai awaki. La'asar ta kusa lokacin da wayar ta yi ƙara.

"Ƙashin yana fitowa da kyau," in ji likita. "Ciwon a fata yake, bai shiga ciki ba. Ki ci gaba da sau biyu. Kada kowa ya taɓa ƙarfen nan."

Na maimaita wa Baba. Ya rufe fuska da hannun riga. Inna kuwa ta nemi a gyara mata matashi. Muka sayi kafson a wani kemis da ya buɗe mana ta taga. A hanyar dawowa mai ya ƙare muna hango rimin garinmu, mutanen da ke dawowa daga gona suka taru suka turo mu har ƙofar gida.

Zazzaɓin ya sauka ranar Alhamis. Ranar Juma'a Kawu ya zo kamar yadda ya ce, amma shi kaɗai. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakin, ya tarar Inna tana zaune tana tsince wake. Na kawo masa wayar na nuna masa hoton. Ya kai ta kusa da ido, ya nisanta ta, ya daɗe yana dubawa, ya ce shi dai hayaƙi kawai yake gani. Na ce ai shi ne. Ya miƙo mini wayar ya ce Allah ya yi mini albarka. Suka yi hira da Inna har rana ta yi sanyi, hirar mutanen da, waɗanda ni ban sani ba.

Wannan ne ganinsu na ƙarshe. Bayan ƙaramar salla da 'yan kwanaki Kawu ya kwanta da tari da zazzaɓi, bai yi mako ba ya rasu. Da sassafe aka aiko. Baba ne ya shiga ya gaya mata. Ban ji kukanta ba, sai salati da take ta maimaitawa. Garinsu Kawu ba nisa, ana hango bishiyoyinsa daga bayan gidanmu, amma ba yadda za a kai ta, kuma an hana taro. Na tsaya a bakin ƙofa da ruwan gishiri da sifana, na rasa ko in shiga ko in koma. Ta ɗago ta gan ni. Ta share fuska, ta miƙo ƙafar.

"Zo ki yi," ta ce. "Rana tana yi."

Damina ta sauka. Baba da ba shi da shanu ya koma huɗa da garma ta hannu, shi da ƙannena da suka samu suka dawo, rabin gonar ma sai barinta aka yi. Da aka buɗe hanya muka koma birni. Likitan ya rame, amma yana nan. Ya zare wayar nan da ta ba mu wahala ya sa wata a wani wurin. Da guntun da muke jawowa ya isa ƙasa, aka sake shiga da ita tiyata, ƙarama, aka ɗebo ɗan ƙashi daga ƙugunta aka cusa a mahaɗar don bakunan su kama juna. Daga nan muka ci gaba da juyi don tsawo, har ranar da ya gwada ƙafafun biyu ya ce a tsaya haka. Saura kaɗan su daidaita, amma ya ce jijiyar ta sha wuya, ba zai ƙara ja ba.

Sauran watannin jira ne kawai, ƙashin yana ƙwari. Aka ba ta sanduna aka ce ta riƙa takawa da ƙarfen a jiki. Ranar farko da ta miƙe a tsakar gida jiri ya ɗebe ta, don ta manta yadda duniya take daga sama. Daga baya har bakin zaure take zuwa.

Bayan an gama girbi aka cire ƙarfen. Ƙafar ta fito siririya, fatar ta yi fari-fari, duk tabon huji a jere. Amma a miƙe take, kuma da likita ya kama ta da hannu biyu ya gwada lanƙwasawa, ba ta motsa ba. Ciwon nan mai wari ya rufe tun tuni. Babban yatsan dai har yau bai dawo da ji sosai ba, kuma takalminta na hagu sai an ƙara masa tudu.

Da ta fara iya tafiya da sanda ɗaya, sai wata safiya ta yi wanka ta ɗauko mayafinta na fita, ta ce in raka ta gaisuwa. Baba ya ce a nemo babur, ta ce a'a. Muka bi ta cikin gonaki, an kwashe amfani, sai kututturen dawa da shanun Fulani suna kiwo. Tana tafe tana hutawa, ni ina biye da 'yar kujera. Tafiyar da yara ke yi kafin shayi ya huce, mu sai da rana ta take muka isa.

Matar Kawu ta fito ta gan ta tsaye a tsakar gida, ta riƙe baki. Ta kawo kujera, Inna ta ce a shimfiɗa mata tabarma. Ta dafa kafaɗata ta sauka a hankali, ta naɗe ƙafafunta, sannan ta yi gaisuwar mutuwa tun daga farko, yadda ake yi ranar da aka yi rashi. Matar ta amsa. Suka yi kukansu, ni na koma gefe wajen rijiya. Inna ta nemi a nuna mata ɗakin da Kawu ya kwanta, ta shiga ta daɗe.

Da la'asar muka kamo hanyar gida. Mun fita gari kaɗan ta tsaya ta ce in wuce gaba, ba ta son ana kallon tafiyarta ta baya. Na wuce. Ina jin sandarta tana sauka a ƙasa a bayana, ina rage sauri in na ji ta yi nisa.